Daga Bakin Tekun Zanzibar Zuwa Gindin Badala

A 'yan shekarun nan wata sabuwar al'ada ta shigo cikin 'yan bokonmu da masu hannu da shuni na ƙasar Hausa, musamman a nan Kano. Da, idan aka ce wane ya ƙetare, to ɗayan uku ne: ko ya tafi sauke farali, ko neman ilimi, ko kuwa fatauci ne ya kai shi Dubai ko ƙasar Sin. Yanzu an samu na huɗu, wato tafiyar hutu zuwa tsibiran da ke tsakiyar teku. Ango da amarya kan ɓace da zarar an watse daga biki, sai dai a gan su a hoto a tsibiran Maldib. Likita ko ma'aikacin banki kan ɗauki hutun shekara, ya kwashi iyali, sai Seshel ko Morishas. Da dama kuwa, saboda kusanci da ɗan rangwamen kuɗi, Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya suke nufa. Hotunan da ake turo mana kusan duk iri ɗaya ne: farin rairayi, shuɗin ruwa, bishiyar kwakwa ta sunkuyo, a ƙasa kuma an rubuta “aljannar duniya”.

Ban ga laifin wanda ya yi guminsa ya tafi ya huta ba, kuma marmarin teku a wurin Bakano abu ne mai dalili. Tsakaninmu da Ikko tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce a mota. Iyayenmu, idan suna son ganin ruwa mai faɗi, madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin marigayi Audu Baƙo suke zuwa, ko otal ɗin Bagauda wanda daga baya ya zama reshen makarantar horar da lauyoyi. Harshenmu kansa shaida ne cewa mu mutanen tudu ne. Bahaushe yana da akawal da kili da danda da gunya, duk sunayen doki gwargwadon launinsa, amma abin hawa na ruwa bai wuce jirgi da kwalekwale ba, jirgin ma ya ara wa na ƙasa da na sama. Da ya ga igiyar teku tana tasowa tana faɗuwa, bai sami abin kwatanta ta da shi ba sai abin da ya sani, ya ce raƙuman ruwa. Mutumin Zanzibar kuwa yana da jahazi da mashua da ngalawa da dau da mtumbwi, kowanne da girmansa da aikinsa.

Abin da ya dame ni shi ne tsarabar da muke dawowa da ita. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, to amma sai idan matafiyin ya ɗaga kai ya duba. Na yi kwana tara a wannan tsibiri, na kuma dawo da yaƙinin cewa babban abin da Bakano zai gano a can yana cikin tsohon garin, ba da nisa da bakin ruwan da muke ɗaukar hoto ba.

Abin da ido ke gani

Zanzibar tarin tsibirai ne a Tekun Indiya, manyansu biyu su ne Unguja da Pemba, kuma ƙidayar 2022 ta nuna mutanensu sun kusa miliyan 1.9, mafi rinjayensu Musulmi. Unguja ce mafi yawan baƙi ke nufi idan sun ce Zanzibar. Mai tashi daga Kano yakan yada zango a Adis Ababa ko wani birnin, ya sauka a filin jirgin sama na Abeid Amani Karume, ko kuma ya bi ta Darussalam ya hau jirgin ruwa na kimanin awa biyu. Mai fasfon Nijeriya ya nemi biza tun da sauran lokaci, domin ba a yi mata gaggawa, kuma a Oktoban 2024 hukumomin tsibirin suka fara wajabta wa baƙi sayen inshora ta dala 44. Wanda ba ya son ruwan sama ya ɓata masa hutu ya kauce wa watannin Maris zuwa Mayu, lokacin babbar daminar da suke kira masika.

Gani ya kori ji, kuma gaskiya ita ce wurin yana da kyau. A Nungwi da Kendwa, can ƙuryar arewa, rairayin fari ne tas, mai laushi kamar garin da aka tankaɗe, ruwan kuma garai-garai har mutum yana hango ƙananan kifaye suna gilmawa ta tsakanin ƙafafunsa. Kusa da gaɓa launinsa kore-kore ne, can ciki kuma ya rine ya koma kamar shunin Ƙofar Mata. A gabas, wajen Paje da Jambiani, tekun kan janye sau biyu a kwana ɗaya, ya bar fili fetal wanda mutum zai yi ta tafiya a kai har ya gaji bai taɓa ruwa mai zurfi ba, bayan 'yan sa'o'i kuma ya dawo ya mamaye wurin kamar bai taɓa tashi ba. Da almuru jiragen katako masu tafiya da ƙarfin iska kan jeru a gaban rana tana faɗuwa, kiran sallar magariba na tasowa daga ƙauye. Duk mai imani da ya tsaya a nan, tasbihi ne zai fara fitowa daga bakinsa.

Akwai kuma gonakin kayan ƙamshi, inda matar da ta shekara ashirin tana zuba kanumfari da kirfa da masoro a girki za ta fara ganin yadda suke a jikin itacensu. Akwai dajin Jozani mai jajayen birai, da ƙaramin tsibirin Changuu mai manya-manyan kunkuran da aka kawo kyauta daga Seshel a 1919. Da dare a dandalin Forodhani ana gasa kifi da mishkaki, wanda ɗan'uwan tsirenmu ne, ana matse rake da citta da lemun tsami. Ba na jin akwai wanda zai je ya ce ya yi asarar kuɗinsa.

Asalin kalmar

To amma bari mu ɗan tsaya a kan kalmar da ake tallar wurin da ita, tun da bin diddigin kalmomi ne sana'ata. Kalmar Ingilishi da kamfanonin yawon buɗe ido ke liƙa wa irin waɗannan tsibirai, wadda muka fassara da aljanna, ta shiga harsunan Turai ne ta hanyar Girkanci, Girkawa kuma sun aro ta daga tsohon harshen mutanen Farisa, inda take da siffar pairi-daeza. Kashin farko na nufin kewaye, na biyu kuma bango ko gini. Wato ma'anarta ta asali ita ce lambun da aka kewaye da katanga. Masana harshe suna danganta kalmar Firdausi da wannan tushe, kuma tun da daɗewa malaman lugga, irin su Imam Suyuɗi a littafinsa Al-Itƙan, sun kawo ta cikin jerin kalmomin da aka Larabtar. Ita ma janna ta Larabci, wadda muka mayar aljanna, lambu ce, daga tushen da ke nufin rufewa da suturcewa.

Ashe ke nan, a tunanin mutanen da, wurin ni'ima shi ne wanda aka killace, aka shayar, aka tsare daga ɓarna, wato wurin da yake da mai kula da shi. Hoton tsibirin da babu kowa sai rairayi da kwakwa ƙirƙira ce ta baya-bayan nan, ta matafiyan Turai da 'yan talla. Ya kamata wannan ya ja hankalin wanda aka haifa a cikin ganuwa.

Bayan katangar otal

Tsibirin kuwa da mutane a cikinsa, kuma ba hutu suke yi ba. Idan tekun ya janye a Jambiani, mai karatu zai hango mata zaune cikin ruwa da zannuwansu na kanga, suna ɗaura ciyawar teku a jikin igiyoyi. Noma ne da aka fara a can a 1989, ana shanya ciyawar a sayar wa 'yan kasuwa masu fitar da ita ƙetare a kan kuɗi ƙalilan, ga shi kuma ɗumamar ruwan teku tana kashe irin da ya fi daraja. Abin da baƙo ke biya na kwana ɗaya a wasu manyan otal-otal ya fi abin da irin waɗannan mata ke samu a wata. Wani rahoto da ƙungiyar Tourism Concern ta Ingila ta fitar a 2012 ya nuna cewa ɗaki ɗaya na babban otal yana cin ruwa ninkin-ba-ninkin abin da gida guda na ƙauyen da ke maƙwabtaka da shi ke samu. Mafi yawan manyan otal-otal ɗin ma jarin baƙi ne. A ƙofar kasuwanni da unguwanni akan ga alluna suna roƙon baƙi su suturta jikinsu, alamar cewa masu gida suna haƙuri ne da abin da ba al'adarsu ba saboda abinci.

Tarihin wurin ma ba na aljanna ba ne. Wajajen 1840 Sayyid Sa'id, Sarkin Oman, ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar, kuma arzikin da aka gina garin da shi ya fito ne daga kanumfari da hauren giwa da cinikin bayi. Sai a 1873 aka rufe babbar kasuwar bayi, inda daga baya aka gina majami'ar Angilika da ke tsaye har yau. Ingila ta mayar da tsibirin ƙarƙashin kariyarta a 1890, kuma a ranar 27 ga Agusta, 1896, jiragen yaƙinta suka yi wa fadar sarki luguden wuta na ƙasa da awa ɗaya, wanda ake kira yaƙi mafi gajarta a tarihi. Wata guda bayan samun 'yancin kai, ranar 12 ga Janairu, 1964, aka yi juyin juya halin da ya kawar da sarautar, dubban mutane suka hallaka, a watan Afrilun shekarar kuma aka haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya. Abdulrazak Gurnah, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 2021, yana cikin matasan da suka bar tsibirin a shekarun da suka biyo baya. Abin lura a nan shi ne, ba su ɓoye wannan tarihi ba. A harabar tsohuwar kasuwar bayin akwai wurin tunawa da ɗakin baje bayanai. Mu ma an yi cinikin bayi a kasuwanninmu, an yi rinji da gandu, amma da wuya ɗalibinmu ya sami inda zai je a nuna masa.

Gari mai kama da gida

Tsohon garin, wanda masu shi ke kira Mji Mkongwe, Turawa kuma Stone Town, an gina shi da dutsen murjani da farar ƙasa. Duk wanda ya tashi a Yakasai ko Koki ko Madabo ba zai ji baƙunta a cikinsa ba. Lunguna ne ƙanana masu murɗiya waɗanda mota ba ta shiga, gini na ba gini inuwa. A ƙofar gidaje akwai baraza, wato dakalinmu sak, inda dattawa ke zama da farar riga da hula mai aiki suna shan gahawa bayan la'asar. Daga wani zaure ana jiyo muryoyin yara suna biya karatu. Yaro ba ya wuce babba sai ya ce shikamoo, wadda asalinta ke nufin na riƙe ƙafafunka, babban ya amsa da marahaba. Wannan ita ce gaisuwar gari. Jambo da ake ta jefa wa baƙi a bakin ruwa Sawahilin kasuwa ne da aka rage wa gishiri domin Turawa.

Kamar ba ta tsaya a gini ba. Sunan Sawahili daga sawahil yake, jam'in sahil na Larabci, wato gaɓa. Daga wannan kalma ce kuma aka sami Sahel, gaɓar hamada, wadda muke zaune a bakinta. Zanzibar tasha ce ta jiragen da iskar kaskazi ke kawowa daga Oman da Indiya, iskar kusi ta mayar da su. Kano tasha ce ta ayarin raƙuman da ke fitowa daga Turabulus da Gadamus da Agadas. Su tekun ruwa, mu tekun rairayi. Shi ya sa a kasuwar Darajani, idan mai kaya ya ce ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, Bahaushe ba ya bukatar tafinta kafin ya yi tayi.

Akwai wani bambanci ɗan ƙarami da na daɗe ina koya wa ɗalibai a aji, amma a can na ji shi da kunnena a bakin talakawa. Mu mun ce littafi, su kitabu. Mu labari, su habari. Mu lafiya, su afya. Mu lokaci, su wakati. Mu alƙalami, su kalamu. Mu alƙali, su kadhi. Tushen duk ɗaya ne, sai dai a irin waɗannan kalmomi Hausa ta haɗiye har da “al” ɗin Larabci ta mayar da shi jikin kalmar, Sawahili kuwa galibi ta yar da shi. Wannan na nuna cewa kalmomin sun bi hanyoyi daban-daban kafin su iso, namu da yawa ta bakin mutanen Arewacin Afirka da Azbinawa da Barebari, nasu ta bakin matuƙan jiragen ruwa. Matafiyi kuma ya kiyaye da lissafin lokacinsu, domin daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i. Idan direba ya ce zai zo saa moja, wato sa'a ta ɗaya, ƙarfe 7 na safe yake nufi.

Hatta tarihin daidaita harsunan biyu tafiyarsa ɗaya. Dukkansu an daɗe ana rubuta su da ajami kafin boko. A taron Mombasa na 1928 aka zaɓi Kiunguja, karin harshen birnin Zanzibar, ya zama tushen daidaitacciyar Sawahili, alhali Lamu da Mombasa sun fi shi tsohon adabi. Haka mu ma Kananci ya zama ginshiƙin daidaitacciyar Hausa, duk da cewa manyan waƙoƙin ƙarni na 19 daga ɓangaren Sakkwato suka fito. Kasuwa ce ta rinjayi alƙalami a wuraren biyu. Ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934, na Frederick Johnson na Sawahili a 1939. Daga nan ne hanya ta rabu. Tanzaniya ta ɗauki Sawahili harshen ƙasa, ta kafa masa majalisar BAKITA a 1967, ana koyar da yaran firamare da shi. A 2021 hukumar UNESCO ta ware masa ranar 7 ga Yuli, a 2022 kuma Tarayyar Afirka ta sa shi cikin harsunan aikinta. Jami'ar Zanzibar tana karɓar baƙi daga ƙasashe daban-daban masu biyan kuɗi domin su koyi harshen a inda aka daidaita shi. Mu kuwa, a wasu makarantun kuɗi na cikin Kano, har yau ana cin tarar yaro idan ya yi Hausa.

Su da garinsu, mu da namu

A shekarun 1980 Mji Mkongwe ya kama hanyar rushewa, gidaje na faɗuwa a kan mazaunansu. Gwamnatin tsibirin ta kafa hukuma ta musamman mai kula da tsohon garin, wadda sai da izininta ake rushe gini ko a sauya masa fuska. Gidauniyar Aga Khan ta shigo da kuɗi da gwanaye, ta gyara tsohon asibitin da ke bakin ruwa da dandalin Forodhani. A 2000 UNESCO ta sa garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Ba wai sun gama da matsala ba ne. A Disambar 2020 wani ɓangare na Baitul Aja'ib, katafaren ginin da Sarki Bargash ya yi a 1883, ya rufta ana cikin gyaransa, kuma gidaje da yawa sun koma otal da shagunan tsaraba, 'yan asalin unguwa suna ƙaura zuwa bayan gari. Duk da haka garin yana tsaye, kuma shi ne ya bambanta Zanzibar da sauran wurare masu farin rairayi, waɗanda ba su ƙirguwa a duniya.

Yanzu mu waiwayo gida. Mafi yawan gine-ginen Mji Mkongwe na ƙarni na 19 ne. Ganuwar Kano kuwa, bisa ga tarihin sarakunanmu, Sarki Gijimasu wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134 ne ya fara ta, aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, wanda a zamaninsa ne aka kafa kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa. Marinar Ƙofar Mata ana danganta kafuwarta da 1498. Lokacin da Heinrich Barth ya zo a 1851, ya tarar da birni mai saƙa da rini da ke tufatar da mutane har Tambutu. Sunayen unguwanninmu kaɗai littafin tarihi ne: Alfindiki daga funduƙ na Larabci, wato masaukin fatake, Dandalin Turawa, tun lokacin da Bature ke nufin Balaraben Arewacin Afirka, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Ayagi, Sharifai, kowanne yana faɗin wanda ya zo da inda ya fito.

Me muka yi da wannan gado? Tun 2007 ganuwar Kano ke cikin jerin jiran UNESCO, alhali Sukur ta shiga cikakken jerin a 1999, kurmin Osun na Oshogbo a 2005. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi. Mai karatu ya bi titin da ya tashi daga Ɗan'agundi zuwa Gadon Ƙaya da Dukawuya, ya ƙirga wuraren da badala ta rage da wuraren da shaguna da gidajen mai suka tsaya a gurbinta. Wani wurin an ɗebe ƙasarta an yi tubali, wani wurin ta zama juji. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa suka yi gini da ƙasarsu, waɗanda suke shanye ruwan damina, an cike su an yanka filaye, sannan duk Agusta mu yi ta mamakin ambaliya. Gidajen ƙasa masu zankwaye da daurin guga suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, maginan da suka san sirrin makuba da azara suna tsufa ba magada. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa da hannunmu muke tsaga namu.

Abin takaicin shi ne, masu sa hannu a takardun filayen nan, da masu zana taswirar shagunan, da masu ba da rancen gina su, da lauyoyin da ke rubuta yarjejeniyar, mu ne dai 'yan boko. Mu ne kuma za mu sayi dala da tsada, mu tafi Zanzibar mu tsaya a gaban tsohuwar ƙofar katako mai shekara 150 muna ɗaukar hoto muna yaba wa masu ita.

Abin yi

Ba ina cewa kowa ya fasa tafiya ba. A je, a sha iska, a yi wanka a teku, a ga ikon Allah. Sai dai ina ba matafiyi shawara uku. Ya ware aƙalla kwana biyu ya kwana a cikin tsohon garin, ya yi salla a masallatansu, ya zauna a baraza. Ya kashe wani abu daga kuɗinsa a hannun 'yan gari, wato mai kwalekwale da mai abinci da matan da ke sayar da sabulun ciyawar teku. Sannan ya riƙe mutuncin masu gida kamar yadda zai so baƙo ya riƙe nasa a Kurmi.

A gida kuma, abin da ake bukata bai fi ƙarfinmu ba. Na farko, a tsayar da yanka fili a kan abin da ya rage na ganuwa da kududdufai, a auna shi, a buga taswirarsa kowa ya gani. Na biyu, birnin cikin ganuwa ya sami hukumarsa ta musamman mai haƙori, wadda za ta haɗa gwamnatin jiha da masarauta da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da masu unguwanni, domin abin da aka bar wa kowa ba na kowa ba ne. Na uku, a nemi maginan gargajiya da suka rage, a haɗa su da sassan koyar da zanen gine-gine na jami'o'inmu tun suna da rai. Na huɗu, wanda ya shafe mu malaman harshe kai tsaye, mu tura ɗalibai su tattara sunayen unguwanni da lunguna da tarihinsu daga bakin tsofaffi, a kafa alluna da boko da ajami, a kuma horar da matasan da za su iya zagayawa da baƙo Dala da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa su yi masa bayani na ilimi. Shigar hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya na UNESCO a Disambar 2024 ta nuna cewa idan an shirya takardu an bi hanya, ana samu. Amma dokin hawan Daushe yana bukatar garin da zai ratsa.

Mu kuma ɗauki darasi daga tuntuɓen Zanzibar: kada gyara ya zama korar masu gida. Tsohon gari yana da rai ne saboda marina da dukawa da maƙera da almajiran ilimi da ke cikinsa. Ko baƙo ɗaya bai zo ba, 'ya'yanmu suna da haƙƙin su gaji abin da muka gada.

Allah bai ba Kano teku ba, kuma babu gwamnatin da za ta iya haƙa mana shi. Abin da Ya ba mu shi ne gari mai ganuwa, mai harshen da miliyoyin mutane ke ciniki da shi daga Agadas zuwa Kumasi, daga Yamai zuwa Hartum. Mutanen Zanzibar ba su suka zuba rairayinsu ba, amma su suka yanke shawarar kada garinsu ya rushe. Irin wannan shawara tana hannunmu, kuma kowace damina tana rage mana lokacin yanke ta. Kafin mu biya wa yaranmu kuɗin jirgi zuwa tsibirin wasu, mu fara hawa da su Dala da yamma, mu nuna musu iyakar garinsu tun ana iya gane ta.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma Ya sa mu san darajar abin da ke hannunmu, Ya haɗa mu a Aljannar gaskiya. Amin.